Tabulet ɗin Barmo da Hanyar Ƙarƙashin Ruwa

Barmo da wansa Jibo suna zaune da uwarsu a sabon gari, tun da ruwan dam ya shanye garinsu, Tungar Gwanki. Jibo direban kwale-kwale ne. Barmo kuwa, Allah sarki, abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ruwan nan mugu ne: katangu da kututture na kwance a ƙasa, su suka fasa jirgin ubansu, har yau ba a ga gawarsa ba.

Wata rana Jibo ya aiki Barmo birni ya sayo tabulet mai nuna taswira. Ya ce, "Ka zaɓo wadda ba ta tsoron ruwa." Barmo ya shiga shago, ya ɗauki butar mai shago, ya fara tsiyaya wa kaya ruwa ɗaya bayan ɗaya. Da ƙyar ya fito da rigarsa.

Wata rana aka sake aikensa. "Wadda ta san hanya," in ji Jibo. Barmo ya sa aka nemo masa garinsu a kowacce. Sababbin duk shuɗin ruwa suka nuna. Sai wata tsohuwa mai tsagaggen gilashi, wadda ba a taɓa sabunta taswirarta ba, ta nuno Tungar Gwanki ras, da masallaci da rimi da lunguna. Ya ce, "Wannan 'yar gida ce." Ya saye ta ya kawo gida, Jibo ya yi ta faɗa. Uwarsu ta duba, ta ga rufin ɗakinta, ta juya fuska.

Wata rana suna tsakiyar ruwa da 'yan kasuwa, Jibo ya ce, "Faɗa mini inda muke." Barmo ya duba ya ce, "Kan maƙabarta." Ya cire hula ya yi sallama. Har mai goro sai da ta daina ciniki.

Wata rana hadari ya rufe su, ko bakin jirgi ba a gani. Tsoro ya kama Jibo. Ya sakar wa ƙanen inji ya koma kwarfar ruwa, ya ce, "Ka bi hanya kawai."

Barmo ya bi hanyar tsohon gari yadda tabulet ke nuna masa. Ya kewaye masallaci, ya ratse wa rimi, ya karya kwana a kan ruwa fetal. Fasinjoji suka roƙe shi ya miƙe, ya ce, "Ba na ratsa gidan mutane." Haka suka kai gaɓa, ba abin da ya taɓa jirgin.

Da rani ruwa ya janye, katangu da kututture suka fito kamar haƙora, sai siririn lungun da ya bi ne kaɗai fayau. Jibo ya tambaye shi me ya sa ya rage gudu a wani wuri ranar nan.

Barmo ya ce, "Ƙofar gidanmu ce. Na ce ko Baba zai shigo."