Abin da Na Shayar da Batiran Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya share min sauran tunanina kaf, da tafiyar da muka yi daga Garwa zuwa Tuboro a cikin motar Kawu mai ɗaki. Har yau in na tuna, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A zamanin shugaban ƙasarmu na farko ne, lokacin da Turawa 'yan yawon buɗe ido ke ratso hamada da motocinsu su sauka a Garwa. Wasu su wuce kallon giwaye, wasu kuma gajiya ta kama su, su sayar da motar su hau jirgi. A hannun irin waɗannan ne kawuna, Alhaji Sanda, ƙanin mahaifiyata, ya sayi tasa. Dillalin shanu ne, ya gaji da kwana kan tabarma a kasuwannin ƙauye. Da ya leƙa ya ga gado, ga tebur, ga fanka, ga fitila, ga kuma ɗan firiji, bai ko zagaya ya duba tayoyi ba ya ce ya saya.

Ni ne direbansa, ni ne kuma tafintansa, domin duk zuriyarmu ni kaɗai na yi lekol, wato makarantar boko ta Faransanci. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, kada ku ce ƙuruciya ce. Ina sa tabarau (idona lafiyarsa ƙalau), ina soke biro biyu a aljihun gaba, kuma ban taɓa cewa "ban sani ba" a gaban mutane ba.

Motar tana da batir uku. Ɗaya na tayar da inji, biyu kuma a ƙarƙashin gado, su ke riƙe da fanka da fitila da firiji in an tsaya. Waɗannan biyun sun riga sun mutu. Baturen da ya sayar mana da motar ya miƙo min wani ɗan littafi na Faransanci, ya ce a sayi sababbi, sannan ya ɗaga yatsa ya maimaita min har sau uku: "O distile! O distile kawai!" Na gyara tabarau na ce, "Wi, wi, Mushe." Kawu ya tambaye ni me ya ce. Na ce masa maganar ta masu ilimi ce, ya bar min.

Muka tafi unguwar Rumde Ajiya wajen Gambo mai batir, wani dattijo da ruwan batir ya huhhuda wa riga har ta zama rariya. Na buɗe littafina zan fara bayani, sai na ga Kawu ya naɗe hannun riga. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga wancan ya jijjiga, ya bubbuga gefensa da tafin hannu, daidai yadda yake wa bijimi a kara.

"Wannan ramamme ne," in ji shi. "Ba ni waɗancan biyun, su ne masu nama."

Kunya ta kama ni, na ce, "Kawu, ai ba sa ba ne."

Gambo ya ce, "Ƙyale Alhaji, ya fi ka gaskiya. Mai nauyi shi ne mai dalma da kauri, shi ke jure a sha shi a hankali yini guda. Mara nauyin nan na buga inji ne kawai." Ya juyo gare ni. "Kai kuma saurara. Kada ka bari fanka ta tsotse su har su mutu murus. Ka riƙa goge kawunansu kana shafa giris. Zafin Garwa zai riƙa shanye ruwan ciki, sai ka ƙara. Amma ruwan, ba na rijiya ba, ba na famfo ba, sai..."

"Na sani," na katse shi, ina kaɗa littafin. "Duk yana ciki."

Gambo ya dube ni, ya dubi littafin, ya koma kan aikinsa.

Bayan wata guda na buɗe murafun, na ga ruwa ya ja baya. To, "o" dai na san ruwa ne da Faransanci. Distile kuma fa? Komawa wajen Gambo ba ta taso ba, bayan abin da na yi masa. Na zaro tsohon ƙamus ɗina na lekol, ya ce min abu ne da ake tafasawa, tururinsa ya bi ta bututu, ya huce, ya riƙa ɗiga. Shi ke nan, na gane. Saura in san masu yi.

Ina da aboki a kasuwa, Luka, mutumin duwatsun wajen Mokolo, Kirista, mai sayar da albasa kusa da layin mahauta. Babu lungun Garwa da bai sani ba. Na ja shi gefe, na yi ƙasa da murya, don rumfar Gambo ba nisa kuma ba na so ya ji ina tambaya.

"Luka, ka san inda ake yin ruwan nan da ake tafasawa, ya bi ta bututu, ya riƙa ɗiga?"

Luka ya ajiye albasar da ke hannunsa. "Kai, Malam?"

"Ba ni ba. Na Alhaji ne."

"Alhaji Sanda?" Ya waiwaya hagu da dama. "Mai sahun gaba?"

"Shi. A ƙarƙashin gadonsa za a ajiye, cikin mota. Lita biyar nake so, zafin nan yana sa a sha da yawa. Kuma kada kowa ya ji."

Luka ya nisa ya ce, "Duniya ke nan. Mai ƙarfi ko mai sauƙi?"

"Wanda zai sa a daɗe ana aiki ba gajiya."

Washegari da safe ya kawo min wata ƙatuwar kwalba a naɗe cikin buhu. Ya ce gwaggonsa ce ta yi da hannunta, ɗigon farko ne, a gaya wa Alhaji ya bi a hankali. Na ce kada ya damu, ni nake ɗurawa da mazurari. (Na ga ya dafe kai, na ɗauka rana ce.)

Da na cire toshiyar, wani wari ya doki hancina, hawaye suka zubo. Kuna tsammani na yi shakka? Ko kaɗan. Cewa na yi, dole abin Turawa ya yi ƙarfi, ruwan banza ai ba zai kunna firiji ba. Na san sunan arki, barasar da ake dafawa a bayan gari, kamar yadda kowa ya sani, amma ban taɓa kusantar ta ba, ban san kamanninta ba. Na cika kowane rami har baki, na yi bisimilla ma kafin in fara. Ragowar na toshe na tura kusa da batiran. Bayan mako biyu na sake ƙara musu.

Ranar tafiya Tuboro, Kawu ya gayyaci limamin unguwarmu, Malam Hamadu, wanda zai je duba ɗan'uwansa a can. Dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma ya yi wata uku yana fama da mura, hancinsa a toshe. Don girmamawa aka zaunar da shi a kan gado. Wato a kan batiran.

Muna kan kwalta lafiya lau. Da muka sauka kan jar ƙasa mai gargada, rana ta take, inji yana ta cusa wa batiran wuta, sai na fara jin wani ɗan tsuwa daga baya, kamar ana soya albasa. Fanka ta fara juyawa kamar mai jin barci. Toshiyar kwalbar kuma, ashe, ta fice tun a ramin farko.

Kawu ya shaƙi iska ya ce, "Wane irin wari ne wannan?"

"Warin lantarki ne, Kawu," na amsa. "Alamar suna aiki."

Sai ga muryar Liman daga baya, garau. "Alhamdu lillahi! Alhaji, hancina ya buɗe. Wata uku rabona da numfashi haka. Lallai motar nan akwai albarka a cikinta." Daga nan Malam Hamadu, wanda ba ya haɗa jimla uku a jere in ba a huɗuba ba, ya ba mu tarihin tafiyarsa Tibati cin kifi tun daga farko har ƙarshe, ya kuma sake dawowa farko.

Wajen azahar muka iso shingen jandarma a bakin wani ƙauye, kuma ranar kasuwarsu ce. Wani dogon jandarma ya matso, ya ce, "Papiye." Na sauke gilashi. Bai ko karɓi takardun ba, ya ja da baya yana fifita hancinsa da hula. Ya ce kowa ya fito.

Muka fito. Liman ya sauko a ƙarshe, gefen babbar rigarsa a jiƙe sharkaf. Jandarman ya ɗaga katifa, ya jawo kwalbar, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. Ya dubi Kawu da rawaninsa, ya dubi Liman da carbinsa, ya ce da Fulatanci, da ƙarfi yadda duk kasuwa za ta ji, "Arki!"

Kawu ya yi salati. Liman ya saki gefen rigarsa kamar ya taɓa wuta.

A nan ne ya kamata in yi shiru. Maimakon haka na gyara tabarau, na zaro littafina, na shiga gaban jandarman da Faransancina mafi tsada. Na ce masa ya yi kuskure, wannan o distile ne, abincin batir, ga shi a shafi na kaza. Na ce da ya yi karatun kimiyya da bai kunyata kansa ba.

Ya karanta layin. Ya dube ni. Ya tafi ya buɗe murfin batir ɗaya ya sunsuna. Sai ya zauna a bakin ƙofar motar ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti sai kafaɗu. Ya kira shugabansu. Shugaban ya sunsuna, shi ma ya nemi wurin zama. Kafin ka ce me, masu tallan gyaɗa, mahauta, makiyaya da sandunansu, duk sun kewaye mu, ana fassara labarin daga Faransanci zuwa Fulatanci zuwa Hausa, kowa yana ƙara gishirinsa. Wata tsohuwa ta tambaya ko motar takan yi tangaɗi in ta sha.

Shugaban ya share hawaye ya ce min, "Mushe mai kimiyya, ruwa ake nufi. Ruwa zalla, wanda aka tace da tururi. A kantin magani ake sayarwa."

Kawu bai yi dariya ba. Ya matso kusa da ni, ya yi magana a hankali, wanda ya fi tsawa ban tsoro.

"A ina ka samo?"

"Wajen Luka mai albasa."

"Ka ce masa na wane ne?"

Na dubi ƙasa. Na dubi sama. Babu taimako ko ta ina.

"Na ce... naka ne, Kawu."

"Nawa." Ya gyaɗa kai. "Shi ya sa. Wata guda ke nan in na ratsa layin albasa ana yi min gaisuwa ta musamman. Shekaranjiya wata mata da ban sani ba ta ce min, 'Alhaji, ya ƙarfin jiki, ya yi daidai ko a rage?' Na ce mata ya yi daidai, na gode!"

Jandarmomin suka tuntsurar da ragowar a ƙasa suka sallame mu, shugabansu ya ce hukuncin da zan tarar a gida ya ishe ni. Liman ya nemi ruwa, ya wanke rigarsa sau bakwai a bakin rijiyar ƙauyen, ya sake alwala, ya ja mu sallar azahar. Daga nan har Tuboro a gaba ya zauna, kansa a waje ta taga. Batiran kuwa ba su kai Tuboro da rai ba. Fanka ta tsaya, firiji ya zama akwati.

Da muka dawo Garwa, Kawu bai kore ni ba, bai kuma zage ni ba. Ya kama hannuna ne kawai, ranar da kasuwa ta fi cika, ya tsayar da ni a tsakiyar layin albasa, ya ce in yi bayani. Na yi da Hausa, ya ce in maimaita da Fulatanci. Na maimaita, ya ce saura Faransanci, tunda shi na fi iyawa. Luka ya rantse bai gaya wa kowa ba sai gwaggonsa da matarsa da mutanen cocinsu, don su sa Alhaji a addu'a.

Daga nan muka wuce rumfar Gambo da gawa biyu a baro. Ya buɗe, ya sunsuna, ya rufe. Ya ɗauko wata kwalba mai ruwa fari tas, marar wari, ya dangwara a gabana. Na ce, "Baba Gambo, don Allah ka faɗa min daga farko, ban san komai ba." Ya faɗa, na saurara har ya kai aya. Sababbin da muka ɗauka a ranar sun yi shekaru suna aiki, har motar ta tsufa ta bar su.

Abin da na koya bai da yawa. "Ban sani ba" kalma uku ce, kuma gara mutum ya faɗe ta da bakinsa a gaban dattijo ɗaya, da a fassara masa ita cikin harshe uku a gaban kasuwa.