Ranar da na cusa wa Inna taɓarya

Ba zan taɓa mantawa da lokacin da maiɗakina ta tafi wankan gida Tafoki ba. Ta bar ni a Sheme daga ni sai Inna, mahaifiyata, wadda kafaɗarta ta daɗe tana ciwo. Kullum ina zaure ina jin taɓaryarta, ta buga ta huta, ta buga ta huta. Abin yana cina a rai, amma na fi tsoron a ce a majalisa an ga ƙato kamar ni a gindin turmi.

Wata rana da hantsi na kasa daurewa. Na karɓi taɓaryar, na ɗaura zanin maiɗakina a kan wando don kada dusa ta ɓata shi (har yau ban san wa ya aike ni ba), na hau surfen masara da ƙarfina na noma. Inna tana gefe tana sa mini albarka.

Ashe matan unguwa sun san dakan kowa. Da suka ji turmi na amsawa haka, sai suka ɗauka mai jego ce ta dawo, suka taho ganin jariri. Ina jin sallamarsu na cusa wa Inna taɓaryar, na koma gefe na harɗe hannuwa. Zanin kuwa na manta da shi sam.

Wata dattijuwar maƙwabciyarmu ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, ina mai jegon? Ko kai na?"

Aka bushe da dariya. Inna ta ce su ƙyale mata ɗa, ita ke dakanta tun ɗazu. Don su yarda, ta ci gaba da bugawa da ƙarfi irin nawa, ba hutu, har suka gama surutu suka fita. Ni kuwa ina tsaye kamar turke, ina kallo.

Da magariba hannun Inna ya ƙi ɗaguwa. Sai ta ce mini, "Zo ka ɗaura mani kallabi in yi salla."

Dariyar da na guje wa an yi ta, har yau wasu Mai Jego suke ce mini, kuma ban mutu ba. Na koyi cewa in za ka yi daka, ka yi da wandonka, kuma ko wa ya shigo kada ka saki taɓarya. Yanzu ƙofa a buɗe nake surfe da wanke-wanke. Sai dai a makare na koya, don wannan ne dakan Inna na ƙarshe, hannunta bai ƙara iya ɗaga taɓarya ba.