Jawabin Maraba da Ishaku Ya Haddace

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da muka karɓi sabon fasto a cocinmu na Kafanchan ba, ko da zan manta sunana. Har yau in na tuna, sai in ji kunya ta sauko mini tun daga ƙeya.

A lokacin ina koyarwa a firamare, ina ji da satifiket ɗina kamar ni kaɗai aka taɓa ba. Ɗana Ishaku kuwa, shekararsa tara, ya maimaita aji biyu har sau biyu. In ya kalli allo sai ya ce baƙaƙen suna yawo, suna musayar wuri. Ba ya iya zaman minti biyar. Jirgin ƙasa na yin kuka a tasha, hankalinsa ya bi shi. A wancan zamanin ba mu san wannan abu yana da suna ba. Sunan da muka sani shi ne daƙiƙanci.

Hedimasta ya kira ni ofis ya ce, "Malama, yaron nan ba na boko ba ne. A kai shi ya koyi kafinta." Raina ya ɓaci. Na ce zan koya masa da kaina a gida, kafin shekara ta ƙare zai yi karatu a gaban jama'a. Ya ce in hakan ta faru, zai kai shi aji uku.

Wata bakwai muka yi a ƙarƙashin mangwaro, ni da shi da bulala (Allah ya gafarta mini, bulalar ta fi ni yin magana). Babu abin da ya shiga. Amma na lura da abu ɗaya: duk abin da aka faɗa masa da baki sau uku, ya zauna ke nan.

A al'adarmu, in sabon fasto ya zo, yaro ne ke karanta jawabin maraba, sannan ya miƙa masa takardar. Na je wurin sakataren coci, Malam Bitrus, na ce a ba Ishaku. "Ya iya yanzu?" in ji shi. Na ce, "Kamar ruwa." Ya ba ni kwafi, na sa yaron ya haddace shafi biyu cif. Har na koya masa bin layi da yatsa, da inda zai juya takarda. Wai ni mai dabara.

Ranar Juma'a na tafi Manchok duba ƙanwata da ta haihu. Ban samu motar dawowa ba sai safiyar Lahadi, na shiga coci an riga an fara waƙa. Na ga fuskoki a murtuke, matan zumuntar coci ba sa kaɗa tulun kiɗansu da ƙarfi, na ɗauka jin nauyin baƙo ne. Ashe fasto ya sauko daga jirgi ranar Asabar shi kaɗai. Matarsa ta rasu kwana takwas kafin nan, ya binne ta a garinsu, ya taho aiki. Malam Bitrus ya sake rubuta jawabin, ya mayar da shi ta'aziyya, ya danƙa wa Ishaku a bakin ƙofa. Ai uwarsa ta ce ya iya.

Ishaku ya tsaya a gaba, ya kalli takardar, ya ɗago yana nema na. Na ga tsoro a idonsa ƙarara. Ni kuwa na yi masa murmushi, na gyaɗa kai, har ina satar kallon Hedimasta.

Ya ɗora yatsa ya fara. Murya tas, babu gargada. "Muna yi wa Baba Fasto maraba, tare da uwargidansa, Mamanmu, wadda muke murnar ganin ta a tsakiyarmu yau." Ya ci gaba: matan zumunta sun gyara wa Mama kicin, sun ajiye mata kujera a gaba, Ubangiji ya ba su tsawon rai tare, su ga jikokinsu. Ya juya takarda daidai inda na koya masa, alhali bayanta babu rubutu.

Matar da ke kusa da ni ta kama hannuna ta raɗa mini, "Maman Ishaku, matar ta mutu fa." Na so ƙasa ta buɗe.

Fasto ya daɗe kansa a sunkuye. Da yaron ya miƙa masa takardar, ya karanta ta, ya dubi Ishaku ya ce, "Ɗana, wa ya koya maka wannan?" Ishaku ya nuna ni da yatsa, yana alfahari. Fasto ya share ido ya ce, "Na gode. Da tana nan, da ta ji daɗinsa." Wannan ya fi mari zafi.

Maganar aji uku ta mutu a wurin. A hanyar gida Ishaku ya ce, "Mama, na ga ba takardarmu ba ce. Na kalle ki, kin ce in yi. Ban yi kuskure ko ɗaya ba, ko?" Na ce, "Ko ɗaya." A nan kan titi na yi kuka.

Washegari na jefa bulala a murhu, na je na durƙusa wa fasto. Daga nan muka koma rubutu da yatsa a kan yashi, baƙi ɗaya, minti goma, ya tashi ya zaga gida ya dawo. Sai bayan shekara biyu ya karanta layin farko da kansa, yana tuntuɓe, gumi na zuba masa.

Na koyi darasina, ko da yake a makare. A ƙarƙashin mangwaron nan akwai ɗalibi mai taurin kai da ya cancanci maimaita aji, kuma shi ne mai riƙe da satifiket.