Ranar da Wakilin Ango Ya Gudu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai cinye sauran tunanina, da Asabar ɗin ɗaurin auren ƙanina Sadiƙu. Mahaifinmu ya rasu, don haka ni ne wakilin ango, kuma ni ne na bar dattawa zaune a kan tabarma na ranta a na kare.

Ana gobe ɗaurin aure mara ta matsa min, kamar ana murɗa ta, fitsari kuwa sai na cije leɓe don zafi. Likita ya duba ni ya rubuta magani iri biyu, na kashe cutar da na kwantar da zafin. Na ƙi saye a Fagge inda kowa ya san ni, na tsallaka Sabon Gari kantin maganin Madam Nkechi, 'yar ƙabilar Ibo haifaffiyar Kano, wadda Hausarta ta fi tawa daɗi.

Na miƙa mata takardar na ce na kakana ne (ga sunana ɓaro-ɓaro a sama, kakan kuwa ya shekara ashirin a ƙasa). Ko gezau ba ta yi ba. Ta fara bayani dalla-dalla, tana ambatar fitsari sai na lura da wasu mata biyu a bayana, sai na katse ta da cewa na sani, na suri leda na fice. Ina jin tana kirana, na haye adaidaita sahu abina.

Da safe na karya, na haɗiyi maganin, na sha farar shadda. Zafi ya lafa, har ina taku ɗai-ɗai. Ana dab da farawa na zagaya bayan masallaci na tsuguna. Jama'a, abin da ya fito ja ne jawur kamar manja, har ya ɗiga a wando. Na yi salati, na ce shi ke nan, tawa ta ƙare. Ban gaya wa kowa ba (in ce me, a gaban surukai?), na bi ta lungu na tari adaidaita. A mahaɗar Bata hanya ta cushe, na dire na tattare babbar riga na zuba a guje, ƙato da ni.

Na faɗa kantin, cike da mutane, na ɗaga murya:

"Madam, na mutu! Jini nake fitsara!"

Da ni ne ita, wallahi sai na yi dariya har na faɗi. Baiwar Allahn nan ko murmushi ba ta yi ba. Ta ɗaga labule ta shigar da ni ciki, ta ba ni kujera da ruwa, ta bari numfashina ya dawo.

"Alhaji, ba jini ba ne, rinin maganin ne. Abin da nake kiranka jiya in gaya maka ke nan."

Ta ce in ya ƙare launin zai tafi, in yawaita shan ruwa, in shanye ɗaya maganin, na kashe cutar, tas, in na ji zazzaɓi in koma wa likita. Zancen kaka ko sau ɗaya ba ta tayar ba. Ta nuna min yadda zan saki riga ta rufe tabon, ta fitar da ni ta ƙofar baya. Ban taɓa ganin mai rufa asiri irin matar nan ba, har gobe ina yi mata addu'a.

Ko da na koma an shafa fatiha, kawunmu ya tsaya a madadina, ana naɗe tabarmi. Sadiƙu ya dube ni, idonsa ya kaɗa.

"Yaya, rana ɗaya tak na roƙe ka ka zame min Baba."

Wannan maganar ta fi ciwon marata zafi. Dole na ja shi gefe na zayyana masa komai, ya yi dariya har da hawaye, kafin la'asar kuwa dangi kaf sun ji, har na amarya.

Kunyar mata biyu na guje wa, na kwaso ta unguwa guda. Yanzu in aka ba ni magani, ko na mura ne, kujera nake ja in zauna, ina tambaya har mai kanti ya gaji ya sallame ni.