Doki Dubu a Lungun Surukai

Duk abin da zan manta a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Nasiru, ƙanin matata Balkisu, ba. Ko da na so in manta ma, mutanen Tandabawi, unguwar surukaina, ba za su bar ni ba.

Bari in fara da motar. Ni haifaffen Makka ne, kakana ya zo aikin hajji daga Kano ya zauna. Ina aiki a wani otel, amma zuciyata tana wani ɗan gareji da na kama a unguwar Hindawiyya, inda na ajiye wata tsohuwar motar Amurka mai ƙofa biyu da na yi shekaru ina gina ta don tseren gudu. Ba irin tseren da motoci ke kewaya fili suna goga juna ba. A namu, mota ɗaya ake saki a kan miƙaƙƙiyar hanya, can wajen gari ta ɓangaren teku inda ƙasa take shimfiɗe, ka taka iya takawarka, na'ura ta auna gudun da ka kai. Injina ya kusa ƙarfin doki dubu (idan da baƙi a wurin nakan cire "kusa" ɗin).

Matsalata ɗaya ce a lokacin: injin yakan ƙure kukansa tun kafin hanya ta ƙare, ga ƙarfi amma babu sauran giyar da zan sa. Sai na yi odar wani ƙarin akwatin giya da ake ɗaurawa a bayan na ainihi, masu harkar suna ce masa obadiraib. Ka danna maɓalli, inji ya sassauta juyi, taya kuma ta ƙara gudu. Na rage tsawon farfela, sandar ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyin baya, da hannuna na ɗaura shi. Ya zo da wani ɗan akwatin lantarki mai kashe shi da kansa idan mota ta rage gudu ko an sa ribas, domin abin ba ya jure juyawa baya. Ni kuwa, gwanin gwanaye, na cire wannan akwatin na haɗa waya kai tsaye zuwa maɓalli. A ganina ɗan tsere ba ya buƙatar wani ƙarfe ya riƙa yi masa tunani.

Dangin matata ba su taɓa ɗaukar harkar nan da daraja ba. Mahaifinta, wanda nake kira Ammi, wato baffa da Larabci, dattijo ne mai jiki, mai ƙarancin magana, ɗan kasuwar turare. Duk sanda muka gaisa yakan ce, "Ya aikin ƙarafa?" da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu. Wannan ya daɗe yana ci mini rai. Don haka da aka sa ranar auren Nasiru, na ce ni zan kai ango masallaci a motata. Nasiru ya yi tsalle. Balkisu kuwa ta ajiye cokalin da ke hannunta ta dube ni.

"Abu Hanan, motar da ba ta da ko na'urar sanyi? A lungunmu?"

"Ke dai ki zuba ido. Ranar nan Ammi zai san me nake yi a gareji."

"Tayyib, shi ke nan. Amma wallahi idan ta kunyata ni a gaban danginmu, sayar da ita za ka yi. Ka yarda?"

Na yarda, har da ɗaga hannu. (Ba wanda ya tilasta ni. Ina so a san wannan.)

Ranar ta zo. Za a ɗaura aure bayan la'asar a wani masallaci kusa da gidan su amarya, malamin da zai ɗaura kuma ya ce yana da wani auren bayan namu. Na sa farar jallabiyata sabuwa fil, na fito da motar tana sheƙi. Da na hau babban titi, sai zuciya ta ce in ɗan ji daɗin sabon abin. Na danna maɓalli, kukan inji ya kwanta, motar ta miƙe sumul. Na yi murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Daga nan na sauka na shiga unguwa, mutane suka fara leƙowa daga shaguna saboda rurin salansa, wasu suna ɗaga waya suna ɗauka, ni ma na shiga ɗaga musu hannu. Maɓallin yana nan a kunne, hankalina yana wajen masu kallo.

Wanda bai san gidan surukaina ba: yana cikin wani lungu mai hawa, mai ɗaukar mota ɗaya, wanda ba ya ɓullewa ko'ina. A can ƙarshensa akwai ɗan fili, a nan motocin dangi duk suka taru, har da ta Ammi. Na kutsa da hanci na tsaya a tsakiyar lungun, na taka totur sau biyu don tagogi su girgiza. Suka kuwa girgiza. Mata suka leƙo daga sama, maza suka fito cikin fararen kaya suna "Masha Allah, masha Allah." Nasiru ya tattare alkyabbarsa ya ƙetara ƙarafan kariya da na ɗaura a cikin motar ya zauna gefena. Ammi ya zo ya tsaya da sandarsa yana kallo.

A nan ya kamata in yi shiru. Sai na leƙo da kai na shiga bayani: ƙarfin injin, yadda ƙarin giyar yake aiki, gudun da zan kai idan sanyi ya shigo aka buɗe fili. Na ce, "Ammi, wannan idan na sake ta, kafin ka gama fatiha mun isa Jidda."

Ya ce, "Masallacin nan kusa muke so, ya waladi, ɗana. Yalla, mu tafi."

Na sa ribas, na saki kuloc da ƙarfi don a ga fita mai kyau. Motar ta zabura baya, sai muka ji wani ƙara daga ƙarƙashinmu, ƙas! kamar an fasa tukunyar ƙarfe da guduma. Tayoyin baya suka ƙame, gindin motar ya zame gefe a kan gangaren, inji ya mutu. Ta tsaya a karkace, hancinta ya kusa taɓa bangon hagu, bayanta ya kusa taɓa na dama. Idona ya sauka a kan ɗan jan hasken maɓallin, yana ci abinsa. Na san abin da na yi tun kafin ƙura ta kwanta: na sa ribas obadiraib yana kunne.

Nasiru ya ce, "Yaya, esh hada? Mene ne wannan? Haka take yi?"

Na ce, "Tana ɗan hutawa ne." Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan.

Na tada ta na sa giyar gaba, ko motsi. Na sa ribas, ko motsi. Samari suka zo turawa, suka haɗa ƙarfi har fararen jallabiyoyinsu suka yi zane-zanen baƙi, amma taya ta kulle. Aka gwada ɗaga bayanta, aka tarar ƙarafan kariyar da na cika ta da su sun sa ta yi nauyin bala'i. Motocin dangi duk suna bayan katangar da na gina musu. Wayar Ammi ta fara ƙara, dangin amarya suna tambaya ko lafiya, malam yana duba agogo.

Aka yanke shawarar a fita da ƙafa a nemi tasi a bakin titi. Sirara suka matse ta tsakanin mota da bango suka wuce. Nasiru ya fito ta taga, alkyabba a naɗe a wuya. Sai aka zo kan Ammi. Ya gwada ta hagu, ciki ya hana. Ya gwada ta dama, salansa tana da zafi. Shi ne waliyyin ango, ba a tafiya sai da shi. Ya tsaya ya ƙare wa motar kallo, ya miƙa wa wani sandarsa, ya cire takalmansa, ya ce a kama shi.

Ina zaune a bayan sitiyari ina kallo ta gilashi, surukina mai furfura ya hau kan hancin motata da rarrafe, mutum biyu suna tura shi, biyu suna ja. Da ya zo daidai fuskata ya tsaya don ya ja numfashi. Muka haɗa ido, gilashi kawai tsakaninmu. Na so in nutse cikin kujera in ɓace. Bai yi faɗa ba, ni kuwa faɗan na fi so. Ya ƙwanƙwasa gilashin da zobensa ya ce, "Mun iso Jiddan?"

Lungun gaba ɗaya ya kwashe da dariya, har matan da ke sama, wani yaro kuma yana ɗaukar bidiyo da waya.

Tasi ba ta samu da wuri ba, don haka aka cusa ango da Ammi a gaban motar a-kori-kura ta masu dafa abinci, wadda ta kawo farantan mandi, wato shinkafa da naman rago. An ce Nasiru ya shiga masallaci yana ƙanshin mandi, an kuma ɗaura auren a gurguje malam yana tsaye rabi. An ce ne, domin ni ban je ba. Motar ɗaukar motoci ba za ta iya shiga lungun ba, hanya ɗaya ita ce in kwance farfela don tayoyin su saki. Na kwanta a ƙasa cikin sabuwar jallabiyata na shige ƙarƙashi da sifana, mai yana ɗigo mini a gemu.

Ina nan sai na ga takalman da na sani, na Balkisu, sun zo sun tsaya kusa da ƙafafuna.

"Abu Hanan."

"Na'am."

"Ka ji ciwo?"

"A'a."

"Alhamdu lillahi. Goggo ta ce in tambaye ka ko za ka ci abinci a nan ƙasa ne, ko a ajiye maka."

Ba ta ambaci alkawari ba, ranar ko washegari. Wannan shirun ya fi komai nauyi a kaina. Ni da kaina na gyara motar na sa ta a kasuwa, kuma duk wanda ya kira sai ya fara da tambayar ko ita ce ta bidiyon dattijon nan. Ranar da wani ɗan Ɗa'if ya zo ya ɗauke ta, na rufe garejin na zauna a ciki na yi hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Shekarun da na yi a kanta sun tafi, kuma har yau ban san gudun da za ta kai da ƙarin giyar nan ba, domin ban taɓa kai ta fili da shi ba.

Yanzu wata ƙaramar mota nake ja, mai na'urar sanyi. Na kuma koyi abu guda: kafin in buɗe baki in faɗa wa jama'a nisan da abu zai kai ni gaba, sai na fara tabbatarwa zai iya fitar da ni da baya, musamman idan a ƙofar gidan surukai na tsaya.