Nomau da Tsohon Kwalin Maganin Iya Kande

Ko Alƙur'ani na dafa muku, na san ba za ku yarda da labarin nan ba. Ni Ɗanliti, a aji biyu na bar sakandare na kama acaɓa, amma duk faɗin Rijiyar Gwauro ba wanda ya taɓa kai ni ƙasa sai Nomau, mutumin da ko ƙwayar wayo babu a kansa.

Nomau ya haura arba'in bai yi aure ba. Gidansu ɗaki biyu da rumbu, daga shi sai mahaifiyarsa Iya Kande, sai akuya guda. Iya na fama da hawan jini, duk wata sai an sabunta mata takardar magani a ƙaramin asibitin garin, inda Likita Hashimu ke zuwa ran Talata kaɗai. Ƙafafunta sun gaza, don haka Nomau ke zuwa. Shi kuwa abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi.

Wata rana Malama Asabe, nas ɗin asibitin, ta ce masa, "Ka dawo da katin nan idan saura ƙwaya uku." Ƙwaya ta rage uku ran Alhamis, likita kuwa sai Talata. Nomau ya ga in ya ci gaba da ba ta zai je hannu wofi, sai ya ƙulle ukun a leda. Iya ta ce, "Ɗan nan, kaina kamar ana sussuka a ciki, ba ni maganin." Ya ce, "Iya, Malama ta ce uku." Ran Litinin ta faɗi a bakin murhu. Ta tashi, amma hannunta na hagu har yau bai tashi ba. Ran Talata ya kai ƙwaya uku cif. Malama ta dube su, ta dube shi, ta juya wa bango fuska.

Wata rana kuma, da damina, ta ce ya ajiye katin inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Ya haƙa rami ƙarƙashin rumbu ya binne. Da wata ya cika ya tono, gara ta gama da shi. Ya kwaso ɓurɓushin a hularsa ya ajiye mata kan tebur. "Malama, ko ɗigo bai taɓa shi ba."

Wata rana ya kai sabon katin, Malam Iro mai ba da magani ya ce, "Zauna can, kada ka motsa sai an kira sunanka." Aka kira Kande Audu sau uku. Nomau na zaune, don shi ba Kande ba ne. Rana ta kori inuwa daga bencin, bai motsa ba. Sai da la'asar mai shara ya tarar da shi. Iya ta wuni ba wanda ya ba ta ko ruwa. Malam Iro ya buɗe taga yana faɗa, ya ce, "Daga yau ka riƙa zuwa da tsohon kwalin maganin. Kada ka karɓi komai sai irinsa sak."

Wata Talata na kawo fasinja, na ga ɗakin magani a buɗe, Malam Iro ya fita alwala. Na shiga na musanya abin da ke cikin leda biyu, ta Iya da ta wani tsoho, don kawai in ga yadda dolon zai yi. Ina fitowa muka yi kiciɓis da Nomau. Na ce, "Kada ka gaya wa Malam Iro na shiga." Ya ce, "To."

Aka miƙo masa leda. Ya jera kwalayen biyu a taga, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ja ne. Namu shuɗi."

Malam Iro ya ce, "Kamfani ne ya canza kwali, kauce ka ba mutane wuri!"

"Ka ce sai irinsa sak."

Layi ya ɗauki zagi, wata mata ta mangare shi da katinta. Nomau ya rungume ƙarfen taga yana hawaye, ya ƙi saki. Hayaniyar ce ta fito da likita. Ya karanta kwalin, fuskarsa ta canza. "Wannan maganin suga ne mai ƙarfi. Tsohuwar da ba ta iya cin abinci, da ta sha kwana biyu, da sai dai mu je gaisuwa. Wa ya taɓa ledar nan?"

Nomau ya share hanci. "Likita, kai ba Malam Iro ba ne, ko?"

"A'a."

"To, Ɗanliti ya shiga."

Mai unguwa ya yanke min hukunci: duk ranar awon jininta ni zan kai Iya asibiti in dawo da ita, muddin tana raye. Bana shekara biyu ke nan. Tana riƙe rigata da hannunta ɗaya mai rai, ba ta taɓa zagina ba, ba ta kuma taɓa ce min uffan ba. An gaya wa Nomau kada ya ɗauke ido daga kaina, saboda haka a hankali nake tuƙi, yana biye da mu a guje, tsohon kwalin a hannunsa.