Tumbin Ragon Barau

Wani mutum ne a unguwarmu, Barau, wanda ya je taron bita kan kare muhalli a babban birnin jiha, ya dawo da koriyar hula da baki kamar rediyon da aka sa wa sabon batir. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara shan ruwa da daɗi a gabansa. Ka yar da ɓawon rake, wa'azi. Ka hura gawayi, wa'azi. Har laƙabi aka sa masa, Barau Muhalli, shi kuwa ya ɗauka naɗin sarauta ne.

Ina cikin takaba aka yi wannan abu, kuma tun rasuwar maigidana ban yi dariya har da hawaye ba sai ranar da aka shigo min da labarin.

Babbar abokiyar gabar Barau ita ce leda. A majalisa, a ƙofar masallaci, har a wurin gaisuwar mutuwa, maganar ke nan. "Leda annoba ce. Ita ke toshe magudanar ruwa, ita ke kashe gona. Ni gidana ko a mafarki leda ba ta shiga." Maganar gaskiya ce, ba wanda ya musa. Sai dai janaretonsa, wanda ya jingina da katangar maƙwabta yana tuttula musu hayaƙi, wannan ba ya cikin muhalli. Motarsa mai tari kamar tsohon mashayin taba, ita ma haka. A wurin Barau, muhalli daga kaskon Delu ya fara, a nan kuma ya ƙare.

Delu mai ƙosai ce, tana suya a tsallaken titi, daura da ƙofar gidansa. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Kaskon nan shi ne gonarta, shi ne rumbunta. Barau ya kai ƙararta gaban Mai unguwa Jatau, ya ce ko ta daina zuba ƙosai a leda, ko a tashe ta daga wurin.

"Ranka ya daɗe," in ji Delu, "ni ma ba son ledar nake ba. Amma mai wucewa a kan babur fa? A hularsa zan zuba masa?"

"Ki nemi ganye," in ji Barau.

"A ina, Alhaji? Bishiyar da muke da ita ai kai ka sare ka yi wa mota rumfa."

Barau ya yi gyaran murya. "Wannan tsufa ta yi."

Mai unguwa mutum ne da ba ya son hayaniya. Ya ce tun da an yi wa Barau haihuwa, a bari sai ranar suna, in jama'a sun taru zai yanke magana. Delu ta koma kan kaskonta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Barau mayen ƙosai ne. In bai ci ba da safe, wunin ranar sai a hankali. Da an idar da sallar asuba sai ya ja mayafi ya rufe kai har hanci, ya zagayo ta bayan Delu, ya shaƙe murya: "A zuba, a cika yaji." Ya karɓa, sumumu ya shige bayan gidansa inda ragonsa ke ɗaure. Ba ya tsayawa kwance ƙulli, yage ledar yake ta gindi, ya ci a tsaye, hap hap. Ya gama, ya cusa ledar a wani rami a gindin katanga don kada matarsa ta gani. Leda ga maiƙo, ga gishiri. Rago yana kallo.

Ragon nan kuwa shi ne abin alfaharin Barau. Tun yana ƙarami ya saye shi, ya turke shi. Ciki ya yi tulu kamar ganga, ƙafafu kamar sillen kara, amma Barau cikin kawai yake gani.

Ranar suna aka cika ƙofar gida maƙil. Liman ya raɗa wa yaro suna, aka shafa fatiha. Goro da dabino a faifai aka raba, ba a leda ba, kuma sai da Barau ya tabbatar kowa ya lura. Aka jawo rago. Kafin a kayar da shi Barau ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku dubi dabbar nan da kyau. Tun da ta shigo gidana ba ta taɓa leƙa waje ba. Ba ta san bola ba, ba ta san kwata ba. Abin da gidana ya ba ta, shi kaɗai ta ci. Wannan shi ake kira kiwon tsafta."

Aka yanka. Ɗan'iya mahauci ya feɗe, ya dubi cinya, ya dubi haƙarƙari, ya taɓe baki. Ya ciro tumbi da ƙyar, ya ɗora a daro zai zagaya da shi bayan gida ya zubar da abin ciki, kamar yadda aka saba.

"Ina za ka?" in ji Barau. "Dawo da shi. Mu ba ma asarar komai."

Ashe da sassafe ya dasa ɗan dogonyaro a ƙofar gida, wai bishiyar jariri. Ya ce a farke tumbin a gindinta, taki ne. Ya yafito Mai unguwa da Liman su matso gaba. Ya ce masu waya su ɗauki hoto, duniya ta koya.

Ɗan'iya ya sa wuƙa, ɓarrr. Aka jira taki ya zubo. Shiru. Ya sa hannu ya jawo, sai ga baƙar leda, zuuu. Ya sake ja, wata ta biyo ta, ta riƙo wata. Ja yake, fitowa suke, kamar mai rufa-ido a kasuwa. Can ya cusa hannu biyu ya ɗago wani dunƙule kamar gammo, ya yar a gindin bishiyar jariri, tim.

Masu hoto ba su fasa ɗauka ba.

Gumi ya keto wa Barau ta ƙarƙashin koriyar hula. "Iska ce. Iska ce ke kwaso su daga titi."

Liman ya duƙa, ya tona da sandarsa. "Ikon Allah. Iskar unguwar nan har ƙulli ta iya?"

Mai unguwa ya aika a kira Delu. Ta tsallako da matsami a hannu, ta leƙa.

"Ƙullina ne, ranka ya daɗe. Sau biyu nake ɗaurewa don kada yaji ya zube."

"Wa ke saye daga gidan nan?"

"Ni ba na tona asirin mai ciniki. Wani bawan Allah ne dai mai lulluɓi. Fuska ban taɓa gani ba, sai takalmi."

Gaba ɗaya taron ido ya koma ƙasa. Barau ya shiga jan ƙafafunsa cikin babbar riga, rigar kuwa ta ƙi kaiwa.

Mai unguwa ya danne dariya da gefen rawani. "Delu, koma kan kaskonki. Ba mai tashin ki."

Ta yi godiya, ta juya. Har ta kai bakin titi sai ta waiwayo.

"Alhaji, Allah ya raya yaro. Gobe in za ka zo ka taho da kwano. Mai kwashe maka shara dai ka yanka shi."